Kada Ka Taɓa Ruwan

Ranar Laraba, bayan la'asar,
Baba Jatau ya shigo shagona na gyaran rediyo
a bayan Kasuwar Barci,
da ƙunshi a hammata kamar mai kai tsaraba.
Ya ce, "Tanimu, likita ya ce kunnen hagu ya yi sallama,
na dama ma yana neman takalminsa.
Ga naɗi uku na waƙa ɗaya.
Zaɓa mini wanda zan ji kafin a ja ƙofa."

Ofera ce, ta Jamusawa,
awa uku ana ba da labari da maƙogwaro.
Ban san kalma ko ɗaya ba.
Shi ma iyakarsa abin da Mai Lofe ya faɗa masa,
Baturen da ya koya masa injin saƙa a Kakuri:
wai akwai daji,
akwai mutumin da ya ci bashin da ba ya biyuwa,
akwai mace a bakin taga, ta ƙi kwanciya.

Na fari faifan garmaho, nauyi kamar murfin tukunya.
Mai sandar nan ba ya gaggawa.
Ƙahoni na tasowa sannu-sannu
kamar jirgin kaya yana barin tasha,
sai ka sha shayi, ka ɗauraye kofi, ba su iso ba.
Amma matar!
Murya ta cika ta batse
kamar kogin Kaduna a watan Agusta.
Sai dai allura na tuntuɓe a fuska ta huɗu,
ta bar bawan Allah yana rantsuwa ɗaya sau bakwai.

Na biyu ɗansa ya aiko, faifai mai ƙyalli.
Tsaf. Ba tari, ba kukan kujera,
kana jin saukar yatsa a kan tsirkiya.
Na ce, "Baba, in sana'ata ka tambaya, ga shi."
Ya ce, "Na sani.
Asibiti ma haka yake da tsabta."

Na uku kaset ne, an liƙe da jan farce inda ya tsinke.
Daga rediyo ya naɗa, tsakar dare,
shekarar da masaƙa ta fara sallamar mutane.
Tashar na zuwa tana komawa kamar zazzaɓi.
Don kunya kawai na danna.

Ruwa ne ya fara shiga,
yayyafi a kan kwanon wani ɗakin haya,
ya bi gogunan nan, ya zauna a cikinsu.
Matar ta hau, ta ƙara hawa,
ta kusa inda numfashi ke ƙarewa,
sai ga wata murya dab da kunne, da barci a cikinta:
"Jatau, rage mana, yara sun kwanta."
Shiru.
"A'a, bari. Bari ta gama."

Ban ɗaga kai ba.
Na yi ta goge sukundireban da ba shi da datti.
Asabe ce.
Shekara tara ke nan da muka raka ta.

Na ce, "Ashe ka zaɓa tun daga gida."
Ya ce, "So nake in ji ko son kai ne."
Na ce, "Son kai ne. Bai kama ƙafar sauran ba.
Shi zan juya maka a waya.
Akwai na'urar da za ta kwashe ƙugin,
ta share yayyafin, murya ta fito fes."

Ya riƙe wuyan hannuna,
tafinsa har yau da kantar masaƙa.
"Kada ka taɓa ruwan."

A waje hadari na haɗuwa ta Tudun Wada,
masu kayan gwanjo suna ta naɗe leda.
Na sa biro na mayar da zaren baya.
Ya gyara zama,
ya juyo da kunnen dama.