Kuɗin Mushe

Wata goma sha huɗu muka kwashe
a ɗakin bayan laburaren gari,
inda fanka ke kaɗa kai kamar mai cewa a'a.
Su a can, da riguna masu guga,
mu a nan, da takalma masu bakin ƙarfe,
tsakaninmu farantin biskit
da ba mai taɓawa sai an tashi baram-baram.

Ni ne Bevan Tuckey, direban gireda.
Shekara ashirin da biyu ina baje tsakuwa
daga gadar rafi zuwa shingen gonar Halloran.
Ban karanci doka ba.
Na dai san warin kangaru da ya kwana uku a bakin titi
a tsakiyar Janairu,
lokacin da kwalta ke narkewa tana kama taya,
ƙudaje sun yi masa bargo,
kai kuma daga kai sai shebur.

Wannan warin muka kai teburi.
Sakin layi na talatin da ɗaya:
dala goma sha ɗaya kowane mushe.
Ma'ajiyar ƙaramar hukuma ta ce bakwai,
ta ce masu biyan haraji na kallo.
Da gaskiyarta. Ni ma ina biya.
Raelene ta wurin ninƙaya ta ce
a kawo mata guda ofis, hancinta ya yanka farashi.
Aka yi dariya, har da ita.
Aka tsaya a tara.

Ran ƙuri'a sama ta yini tana zuba.
Masu shara, masu yankan ciyawa, masu renon yara,
da dattijon da ke haƙa kabari,
ɗari da tamanin da shida suka ce sun yarda,
arba'in suka ce mun sayar da su da araha.
Surukina na cikinsu.
Har yau ba ya ara mini tirela.

Sai takarda ta tafi Melbourne,
wurin kwamishinan da bai taɓa taka garinmu ba.
Mako shida, shiru.
Na bakwai ta dawo da tambaya guda:
akwai mai tsallakar da 'yan makaranta titi,
awa ɗaya da safe, awa ɗaya in an tashi.
In aka bi lissafinku
za ta rasa dala huɗu duk mako.
Me kuka ce?

Despina Kallas. Mai sandar tsayar da motoci.
Kullum ina wuce ta tana ɗaga mini hannu.
Mu tara a ɗaki, kowa ya zo da miki nasa,
ba wanda ya ƙirga awoyinta.
Baƙo ne, daga nisan kilomita ɗari huɗu,
ya hango ta tsaye a tsakanin lambobi,
mu da ke gaishe ta ba mu gan ta ba.

Kunya ba ta da sakin layi.
Muka koma ɗakin, ranar ba mai ɗaga murya.
Shugaban ma'aikata ya rubuta alkawari,
muka sa hannu ƙarƙashin nasa.
Minti goma. Har biskit aka cinye.

Amincewar ta zo ran Talata, wajen ƙarfe biyu,
ina hanyar maƙabarta, inji na ruri.
Waya ta motsa a aljihu. Layi biyu:
an amince, za ta fara aiki nan da kwana bakwai.
Na kashe injin in ji ko duniya ta sake murya.
Hankaki biyu ne kawai,
da iska a cikin itatuwan turare.

Da aka tashi makaranta na tsaya in yi wa Despina albishir.
Ta ɗaga sandarta, ta ce in matsa da motar,
yara na tafe.
Na matsa.

Gobe akwai mushe a kwanar Halloran,
tun jiya aka bugo waya.
Dala tara.
Warin dai yana nan yadda na san shi.