Wutar da Ba Ta Son Iska

Shekara talatin da ɗaya ina walda a Bolari,
ƙarƙashin rumfar kwano, daura da mai faci.
Ƙyaure, taga, gadon ƙarfe,
bakin garmar da ta karye a gonakin Kwami,
duk abin da ya rabu da ɗan'uwansa
ni nake shiga tsakani.

Ubana maƙeri ne a Nafaɗa.
Ina ɗan shekara bakwai ya damƙa mini zuga-zugi,
ya ce: Hura. Wuta abincinta iska,
ka hana ta, ta yi fushi ta kwanta.
A kan wannan magana na girma, har na yi furfura.

Sai ga Hansatu ta dawo hutu,
autata, mai karatun injiniya.
Ran nan babu wuta tun hantsi.
Ta zauna kan bencin da ban gama ba,
ta ce: Baba, akwai waldar da ba ta son iska.

Na ture baƙin tabarau zuwa goshi.

Ta ce: Akwati ne na ƙarfe, a sa aiki a ciki, a rufe ruf,
a zuƙe iskar tas
yadda wanzami ke zuƙe ƙaho.
Sai a gasa wani siririn zare har ya yi jawur,
ya saki 'ya'yan lantarki.
Ilektiron, in ji ta.
Ƙwayar gero a gabansu dutsen Bima ce.
A fizge su da gudu, maganaɗisu ya tattara su
kan hanya guda mai tsinin allura,
su faɗa wa ƙarfe,
gudun nan nasu shi ke zama zafi.
Ya yanka, ya liƙe, duk wanda aka so.
Ba sanda, ba kabaid, ba hayaƙi a hanci.
Ƙarfe mai kaurin tafin hannunka, wucewa ɗaya,
ɗinkin ya nutse kamar rijiya,
a sama kuwa layi ne kawai, kamar jan kwalli.

Na ce: Iskar me ta yi musu?
Ta ce: Tare hanya.
Ka taɓa gudu a tsakiyar kasuwa ana ci?

Na yi shiru.
Na dubi rigata, ta zama rariya don tartsatsi.
Na tuna daren da idona ke cika da yashin da babu shi,
uwarta na yanka ɗanyen dankali
tana ɗora mini bisa fatar ido, tana mita.

Na ce: To mai waldar, ina yake tsayawa?
Ta ce: A waje. Yana leƙe ta gilashi mai kauri,
yatsa kan maɓalli. Ko gumi ba lallai ba.
Na ce: Kin taɓa gani?
Ta ce: A littafi. Da cikin waya.
Sai ta sunkuyar da kai, kamar na kama ta da laifi.

Da Baba na da rai
da na hau mota zuwa Nafaɗa don wannan labari kaɗai.
Zai ce ƙarya ne.
Bayan sallar isha'i kuma ya ce: Sake faɗa mini, a hankali.

La'asar sakaliya aka kawo wuta,
yaran layi suka yi ihu, injina ya yi gurnani.
Na ce: Tashi daga bencin nan, ƙafa ɗaya ta rage.
Na miƙa mata tabarau, na sa mata sanda a hannu.
Sau uku tana liƙewa.
A na huɗu haske ya tashi, shuɗi,
ta ja hannu tana rawar jiki, ba ta saki ba.

Ɗinkinta ya fito kamar kashin kaji.
Gidado, yarona, ya ɗauko injin gurza.
Na ce: Bar shi haka.
Wannan bencin ba na sayarwa ba ne.