Lambar Mota

Ƙarfe huɗu da rabi, ladan bai yi gyaran murya ba,
ni na riga na ɗaura ɗankwali.
Agege na munshari.
Janaretan mai shayi ne kaɗai ke tari a lungu.
Na tsallake layin dogo ina ƙirga taku,
a jakata akwai barkono ƙulle a leda,
ba na miya ba ne.

Danfo ta tsaya, mai ruwan ɗorawa,
kwandasta na rataye yana kiran Oshodi.
Ba na shiga sai na leƙa.
Mata nawa? Da mai goyo? Da mai kwandon tumatir?
In duk maza ne, shirun kuma ya yi kauri,
sai in ce ina jiran wata.
Ba wadda nake jira.

In ta kwanta min a rai, sai in zaga baya,
in karanta lamba, in tura wa Barira.
Tana barci, wayar na ƙarƙashin matashi.
Shekara uku ke nan ni da ƙanwata
ba gaisuwa, ba ya yara, ba ya gajiya,
haruffa uku, lamba uku, haruffa biyu.
Ko da wata rana,
a san inda za a fara tambaya.

Risikatu ba ta leƙa ba, ranar ta makara.
Suka karɓe waya, suka karɓe kati,
suka ce ta faɗi lambar sirri, ta faɗa,
suka wurgo ta gab da gada, motar ba ta tsaya ba.
Ta dawo aiki da hannu a ɗaure.
Akawu ya duba littafi, ya ce sannu,
ya yanke mata kwana shida.

Sallar asuba a Ilupeju nake yin ta,
a kan kwali, bayan inji na tara.
Injin nan na san shi kamar ɗan da na yaye:
in ya yi gurnani, roba ta yi sanyi,
in ya yi shiru, a kashe shi maza.
Bokiti dubu da ɗari biyu kafin la'asar,
shuɗi, ja, shuɗi,
mu da ke sayen ruwa a jarka.

Tanimu, ni na nuna masa maɓalli.
Ni na fizge hannunsa daga bakin ƙarfe
a makonsa na farko, yana rawar jiki.
Bana shi ke riƙe da biro,
shi ke rubuta ƙarfe nawa na iso.
Ban ƙi shi ba, yaro ne mai kunya,
har yanzu Yaya yake ce min.
Na tambayi manaja, ya yi murmushi,
ya ce namiji yana da iyali.
Su Nasiba da Bello fa, na ce,
iska suke ci?
Ya dubi ƙirjina, ya ce mu yi maganar da yamma.
Na ce a bar ta.

A gida, Inna ta kira daga Funtuwa:
ki dawo, Legas ba ta mace ba ce.
Na ce to, Inna.
Kuɗin maganinta jibi zan tura.

Yanzu mu bakwai ne, mun haɗa kai,
Risikatu, Ngozi, ni, da masu shara huɗu.
A gindin fitilar gidan mai muke haɗuwa,
mota ɗaya, ko mu jira wata.
Kwandasta ya ce mun cika fitina.
Ngozi ta yi dariya har da riƙe ciki.

Ruwa ya fara sauka a Ikeja,
tagar ba gilashi, kafaɗata ta jiƙe.
Waya ta motsa a cinyata.
Barira ce, ashe ba ta barci:
Kin isa?

Tukuna, na rubuta.
Muna kan gada.