Boris na Wata Uku

Wata uku ke nan da na sa shi, sabo fil,
daga kwali mai rubutun da ban iya karantawa.
Arzika ya dafa ƙirji: "Wannan sai ka gaji da shi."

Muna barin Aliero ya fara, ƙasa-ƙasa,
kamar ƙudan zuma a cikin tulu.
Na ƙara wa rediyo murya.
Buhu ashirin na albasa a bayan a-kori-kura,
da biyu na surukata, wa ya isa ya ƙi?

Kafin Jega gunji ya koma niƙa.
Na taɓa cibiyar tayar hagu,
tanda ce, saura ƙullu.
Giris ya dalalo baƙi, yana ƙauri.

Nomau ya ɗaga ta a jak,
ya girgiza taya, ta kaɗa masa kai.
Ƙwallayen suka zubo tafinsa, sun ci juna.
"Ko ruwan fadama ya shiga,
ko an matse noti fiye da kima,
ko jabu ne.
Ko lodinka."
Na ce jabu ne.

Rana tana dafa albasa a bakin titi.
Sau huɗu na kira Arzika,
wayarsa tana ta kuka
kamar kayan da ya sayar mini.