Bayan Dalhatu Mai Wasiƙa

Na sauka a Kwangila cikina na kukan kwaɗi.
Dalhatu na jira a gindin gada, hula a karkace.
Shekara talatin ya yi yana rabon wasiƙa a birni
kafin wayar hannu ta ƙwace masa sana'a.
Ya ce, "Bakano, mayar da taswirar nan aljihu.
Garinmu da hanci ake karanta shi."

Muka fara da wainar Ladingo a Tudun Wada,
tanda mai ido tara, ɗaya ya tsage,
a nan take soya ta kyauta.
Gefe ya yi ja, ciki fari sol,
miyar taushe ta gangaro mini har gwiwar hannu.
Dalhatu bai ci ba. Ya raɗa mini a kunne:
"Goma sha ɗaya na kawo mata daga Ikko.
Ta sha biyun ba ta zo ba, mai rubutun ma haka."
Ita kuwa tana ta juya waina, ba ta ɗago ba.

Bayan Ƙofar Doka ya dafa abin da ya saura na ganuwa
kamar mai gaida tsoho a kan tabarmar jinya.
"Damina ke gutsurar ta," in ji shi,
"yadda ka yi wa wainar can."
Wata akuya ta hau kanta tana kallon mu,
ita ce mai gadin yau.

Sai lungu ya haɗiye mu.
A zaure masu ɗinki sun duƙufa kan aska takwas,
allura na shiga tana fita, hira ba ta yanke ba.
A tsohon masallaci ya ce in ɗaga kai:
ƙasa da azara sun lanƙwashe sun zama bakan gizo.
Na daɗe a tsaye har wuyana ya ƙage,
ban sami abin faɗa ba, ni da ba a raba ni da magana.

Azahar ta same mu a Kwarbai, gidan Goggo Tabawa.
Fate ya zo a kwanon sha yana huci,
tsaki da yakuwa, gyaɗa, ɗan gauta mai ɗaci.
Na ce, "Mu a Kano sai marar lafiya ake ba wannan."
Ya ce, "To sha, ai tun safe na ga alamar ciwo."
Tsami ya kama mini muƙamuƙi, zufa ta keto.
Na miƙa kwano a ƙara,
Goggo ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame.

Kufena ta fi ƙarfin gwiwata, a rabi na zauna.
Muka fere rake muna tofar da ɓawo.
Daga nan Zariya duk ta kwanta a ƙasa:
hasumiya, rufin kwano mai tsatsa,
Kubanni na jan jiki can kamar bai son tafiya.
Sai ya zaro wani ambulan daga aljihun gaba,
ya yi launin ƙasa, bakinsa a liƙe.
An rubuta: Gidan da ke gindin rimi.
"An sare rimin kafin ta iso," ya ce,
"kuma rimi a garin nan ba ɗaya ba ne.
Duk baƙon da na zaga da shi, ina duba ƙofofi."

Da dare a Sabon Gari muka ci tsire a tsaye,
ƙuli na zuba a kan takalmi.
Na ba shi ladansa, ya ƙirga, ya mayar da ɗari biyu.
"Ta wainar gobe. Ka ce mata ta tsagaggen ido kake so."
Ya tsallaka titi, hannu dafe da aljihun gaba.