Jerin Baduku

Bayan isha'i, gindin durumin Gwammaja,
Gambo na juya shayi, rediyo na tari,
sai Mamuda ya zaro tsohuwar takardar wuta,
ya kifa ta a cinya, ya lashi bakin biro:
"Yau sai mun jera yaran nan, ɗaya zuwa goma,
kafin mai neman 'yan wasa ya sauka ran Laraba."

Ni ina gefe, basilla a hannu, zare a haƙori.
Ba a tambayar baduku.
To, amma kunne ba shi da marfi.

"Jazuli na ɗaya!" in ji Tasi'u direba.
"Ƙafar hagu kamar an jiƙa ta a zuma.
Mutum uku ya yanke a filin Mahaha,
na ƙarshen har yanzu yana neman ƙugunsa."
Mamuda ya ce, "Yanka ba ci ba ne.
Nawa ya zura tun ƙaramar salla?
Biyu. Ɗayar ma iska ce ta taya shi."

Aka koma kan Shamwilu na Kurna,
dogo kamar falwaya, goshi kamar guduma,
wai shekarunsa sha shida.
Gambo ya yi dariya har madara ta zube:
"Sha shidan da yake yi tun ina sayar da kofi naira talatin?"

Ebuka fa, golan nan na Sabon Gari?
Hannu kamar faifai, ƙuda ma ba ya wucewa,
sai dai in an buga kwana ya rufe ido.
Kuma uwarsa ta rantse, in ya faɗi jarrabawa
da safar hannun za ta hura wuta.

Aka sa shi na uku, aka soke.
Aka sa Mudassir, aka soke.
Tasi'u ya miƙe zai tafi, wai an ci zarafin unguwarsu,
ya kai bakin kwata, ya dawo,
don bai shanye shayinsa ba.

Su suna kallon fili awa ɗaya da rabi.
Ni but ake kawo mini, kuma but ba ya ƙarya.

Na Jazuli, hagun duk wata sai na ɗinke,
na dama kuwa sabo fil, bai san ƙura ba.
Na Shamwilu dunduniya ce ke cinyewa,
alamar mai tsayuwa yana jira a kawo masa.

Ga wannan da ke cinyata,
ba wanda ya ambaci mai shi.
Nafi'u, lamba shida, ɗan Dandinshe.
Hagu da dama sun ci ƙasa daidai wa daida,
haƙoran ƙasan sun zama dasashi.
Sau bakwai ke nan ina ɗinkewa.
Shi da wansa ke karɓa-karɓa,
wan da safe, shi da la'asar
bayan ya gama raba burodi a shaguna.
Ya yi masa yawa, sai ya cusa kwali.
Ɗari-ɗari yake biyana, bai taɓa tsallake Juma'a ba.
Ba ya yanka, ba a yi masa tafi,
amma ranar da zazzaɓi ya kwantar da shi
huɗu aka ɗura mana, kowa na zagin gola.

Can Mamuda ya waiwayo, don neman abin dariya:
"Baduku, kai fa, wa ka gani?"
Na cire zare daga baki.
Na ce, "Ku dai bar layi ɗaya a sama."

Suka kwashe.
Gambo ya karɓi takardar, ya fifita gawayi da ita,
gefen su na tara da na goma ya babbake.

Laraba saura kwana uku.
Wataƙila mutumin ya zo, wataƙila ya ce mota ta lalace,
kamar bara.
Na goga zare a kakin zuma,
na ninka ɗinkin bakin yatsa sau biyu.
Na biyun ba zan sa a lissafi ba.