Haƙoran Keke

A Hull nake koyar da lissafi,
garin da ruwa ke sauka babu sallama.
Aji na tara, taga mai kallon tashar jiragen ruwa.
'Yan mata a gaba, biro a hannu,
samari can baya, su huɗu,
kowa ya ja hular rigarsa ya rufe kunne
kamar kunkuru ya ji takun ƙafa.

Reece, mai kaɗa tebur da yatsu.
Tomasz, mai zanen motoci a gefen littafi.
Callum barci yake, tun asuba yana kasuwar kifi
yana jido wa kawunsa akwatunan ƙanƙara.
Sai Jibrin, ɗan ƙawata 'yar Gusau,
ya datse sunansa ya koma Jib,
in na ce masa "ina kwana" sai ya kalli silin.

A ɗakin malamai an manna takarda,
sunayen mata kore, na maza ja wur,
kamar an yanka kaza a kan jadawali.
Muka yi taro, muka sha shayi, muka sake taro.
Na tsare su bayan tashi, na kira iyaye,
na yi faɗa har muryata ta dushe.
Ashe ruwa nake ɗiba da kwando.

Ran wata Alhamis, a bakin ƙofa,
sarƙar kekena ta zame cikin yayyafi.
Ina tsaye ina tsaki, jaka a kafaɗa,
sai ga Reece ya durƙusa a kwalta,
bai tambaye ni ba, bai dube ni ba.
Ya ce, "Malama, kina wahalar da ƙafarki.
Haƙora arba'in da takwas a gaba,
sha shida a baya:
ki taka sau ɗaya, taya ta juya uku."

Na ce, "Ka san abin da ka yi yanzu?
Shi ne darasin da ka ba ni farar takarda a kansa."
Ya goge baƙin mai a wandon makaranta,
ya ce, "A'a. Wannan ai keke ne kawai."

Na kwana da maganar nan.
Wata bakwai ina ƙwanƙwasa bango,
ƙofar tana gefe, a buɗe.

Litinin na turo keken har cikin aji,
na kifa shi kan tebur, tayoyi sama.
Na miƙa wa Reece alli, na koma bencin baya,
inda na gane allon ma da kyar ake hango shi.
Tomasz ya zana haƙoran, ya ƙirga, ya gyara.
Jibrin ya yi gardama, ya faɗi, ya sake lissafi,
har "wallahi" ta kuɓuce masa, ya yi dariya.

Ba zan ce komai ya gyaru ba.
Callum har yau kansa na kan hannunsa,
sai dai yanzu nakan ajiye masa aiki zuwa bayan azahar.
Takardar nan ta ɗakin malamai
ja ta ragu kaɗan, ba ta ƙare ba.

Amma jiya, cikin tulin littattafai,
na tarar da shafi cike da aiki, layi bayan layi,
da tambarin babban yatsa na baƙin mai a kusurwa.
Na ɗaga jan biro, na mayar da shi.
Wannan dattin, ban taɓa shi ba.